JIRI, KASALA DA KWAƊAYIN FARAR ƘASA: 'YAR UWA, KI DUBA JININKI

A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar lefe da ta kwalliya a gefe, domin mu tattauna a kan abin da in babu shi kwalliyar ma ba ta zama a jiki, wato jini.

Mu nan ƙasar Funtua Allah ya hore mana noma. Duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin titi da kaka ta ga yadda manyan motoci ke fita shaƙe da masara da dawa da waken suya daga Funtua da Dandume da Bakori da Malumfashi, ana kai wa sauran garuruwan ƙasar nan. To amma abin mamaki, a cikin gidajen da aka noma wannan abinci za ki tarar da budurwa 'yar shekara 15 ko 16 wadda in ta ɗauko bokitin ruwa daga rijiya sai ta tsaya ta yi haki, in ta miƙe daga tsugune sai ta ga duhu-duhu, in an shiga aji sai gyangyaɗi. A gida a ce son jiki ne, a makaranta a ce daƙiƙanci ne, wata tsohuwa kuma ta ce ai iska ce ta shafe ta. Sau da yawa abin da ke damun yarinyar nan shi ne ƙarancin jini, kuma masana sun yi bincike mai yawa a kansa, wasu ma a nan kusa da mu aka yi su.

Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace mace 100 masu shekara 15 zuwa 49, mata 58 suna da ƙarancin jini. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa, 68 ne cikin 100. Kin ga ke nan in kuka zauna ku 10 a ɗakin amarya ana hira, ba mamaki 5 ko 6 daga cikinku jininsu bai cika ba, alhali kowacce ta sha hoda da jan baki.

SHIN MENE NE ƘARANCIN JINI?

Idan likita ya ce jininki ya yi ƙasa, abin da yake nufi shi ne jan sinadarin da ke cikin jini ya ragu. Sunansa hemogulobin, shi ne yake sa jini ya yi ja, kuma aikinsa shi ne ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya da duk gaɓoɓin jiki. Ki ɗauke shi kamar ɗan dako. In 'yan dako suka yi kaɗan, kaya ba sa isa inda ake jiran su, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri don ta cike giɓi. Daga nan ne haki da faɗuwar gaba suke zuwa.

Jiki ba ya iya haɗa wannan sinadari sai da ƙarfe. E, ƙarfe dai da kika sani, amma irin wanda Allah ya sanya a cikin abinci. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin 'yar ƙaramar ƙusa, kuma mafi yawansa yana cikin jini ne. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kamar kwana 120 su mutu, jiki ya ƙera sababbi, don haka kullum ana bukatar ƙarfen nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki, in ma'aunin hemogulobin ɗinta ya gaza 12, tana da ƙarancin jini. A asibitocinmu kuma an fi jin ana cewa a je a yi gwajin PCV. Ɗan tsira yatsa ne ko ɗiban jini kaɗan, kafin ki gama hira da ta kusa da ke sakamako ya fito.

ALAMOMIN DA MUKE RAINAWA

Kasala da ba ta jin barci. Jiri. Yawan ciwon kai. Haki in an hau tudu ko an yi daka. Sanyin hannu da ƙafa. Karyewar farce da zubar gashi, wanda muke ɗora wa man kitso laifinsa. Ki tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa, in kika ga cikinta ya yi fari-fari maimakon ja, haka ma tafin hannu da harshe, to ki nemi gwaji. Amma ki sani wata jininta ya yi ƙasa ido bai nuna ba, saboda haka madubi ba zai maye gurbin gwaji ba.

Akwai kuma wata alama da muka mayar abin wasa, wato kwaɗayin abin da ba abinci ba. Wata farar ƙasa take ci, wata jar ƙasar bango take ɓantara, wata gawayi, wata ɗanyar shinkafa, wata kuwa ba ta da aiki sai taunar ƙanƙara. Likitoci sun daɗe da lura cewa irin wannan kwaɗayi yana tafiya tare da ƙarancin ƙarfe a jiki, kuma sau da yawa da zarar an yi magani sai ya ɗauke. Ga shi ita ƙasar da ake ci tana iya hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, tana kuma iya ɗauke da ƙwan tsutsa. Ciwo ya kawo kwaɗayi, kwaɗayi ya ƙara ciwo.

Ku kuma 'yan makaranta ga naku. A 1996 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a birnin Baltimore na Amurka a kan 'yan matan sakandare da ƙarfen jikinsu ya yi ƙasa, tun ma jininsu bai kai ga faɗuwa ba. Aka raba su gida biyu, rabi aka ba su ƙwayar ƙarfe na mako 8, rabi aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Da aka gwada su, waɗanda suka sha ta gaskiyar sun fi riƙe kalmomin da aka koya musu. Ashe wani lokaci haddar da ke zubewa da darasin da ba ya zama, ba daga rashin ƙoƙari ba ne.

ƘOFOFIN DA JINI KE ZURAREWA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga mace a ƙasarmu, tsagar guda huɗu ce.

Ta farko ita ce al'ada. Kowane wata mace tana zubar da jini, tare da shi kuma ƙarfe ke fita. Shi ya sa a lissafin masana abinci na Amurka, namiji babba miligiram 8 na ƙarfe ya ishe shi a rana, budurwa 'yar 14 zuwa 18 tana bukatar 15, babbar mace 18, mai ciki kuwa 27. To ki duba yadda ake rabon nama a gidajenmu ki gaya mini wa ake fara tsamo wa tsoka. Idan al'adarki tana wuce kwana 7, ko kina jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko gudaji manya suna fita, wannan ya wuce misali. Kada kunya ta hana ki gaya wa Inna ko Yaya, a kai ki wurin ma'aikaciyar lafiya, domin akwai maganin da ke rage zubar.

Ta biyu ita ce zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar maleriya a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, ta hayayyafa, ta fasa su. Kowane zazzaɓi da kika yi da damina, wani kaso na jininki ya tafi. Shi ya sa gidan sauro mai magani yake cikin magungunan ƙarancin jini, ko da yake ba a haɗiya shi. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina a ƙasashe irin namu, kuma jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara gwada shi a Nijeriya. In masu rabon maganin suka zo, ke da kika yi boko ke ce za ki tsaya ki ga ƙannenki sun shanye na kwana ukun nan cif, ba a sha na ranar farko a jefa sauran a bayan gado ba.

Ta uku ita ce tsargiya, wato fitsarin jini. A nan ne ƙasarmu ta shiga littattafan likitocin duniya. A shekarun 1970 masana daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun kafa wani babban aikin bincike a Malumfashi, suka yi shekaru suna bin ƙauyuka suna nazarin maleriya da tsargiya da saran maciji. A madatsar ruwa ta Ruwan Sanyi har zama suka riƙa yi suna lura da masu shiga ruwa da abin da ke kai su. Sun gano cewa yara maza masu iyo da wanka su suka fi kamuwa. To amma ki sani tsutsar ba ta tambayar jinsi. A jikin wani ƙaramin dodon koɗi take girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar duk wanda ya shiga, ko wanki ya kai ki ko ɗiban ruwa. Ga mace kuma, bincike na baya-bayan nan ya ƙara fito da cewa ƙwan tsutsar yana iya zama a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ƙaiƙayi da ɗigon jini da ciwon mara, har a ɗauka ciwon sanyi ne a yi ta shan magani a banza. Mu da muke da madatsu irin su Mairuwa da Gwaigwaye da kududdufai ko'ina, bai kamata mu yi sakaci ba. Maganinta sunansa praziquantel, kuma akan raba shi a makarantu. In an kawo, ki ci abinci ki sha.

Ta huɗu ita ce tsutsar ciki, musamman wadda ke shiga ta tafin ƙafa a ƙasa mai danshi inda ake bahaya a fili. Tana maƙalewa a jikin hanji tana tsotsar jini kaɗan-kaɗan, ba ki ji ba ki gani. Silifa a ƙafa, wanke hannu da sabulu, da shan maganin tsutsa lokacin da ma'aikatan lafiya suka ce, su ne makarinta.

ABIN DA ZARIYA DA KANO SUKA KOYA WA DUNIYA

Wata za ta ce, to Anti, in ma jinin nawa ya yi ƙasa ai ina yawona lafiya lau. Haka ne ƙanwata, yau kina yawo. Amma akwai ranar da za a nemi jinin nan gaba ɗaya, ita ce ranar haihuwa.

Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci wani bincike a asibitin koyarwa na Zariya inda aka bi diddigin haihuwa 22,774. Binciken ya nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi rasa rayukansu nesa ba kusa ba. Shi da Farfesa Alan Fleming da abokan aikinsu sun kuma yi gwaji a kan mata 200 masu cikin fari a Zariya, suka ga maganin rigakafin maleriya ya rage mugun ƙarancin jini ƙwarai. Wani abin ban sha'awa da suka gano shi ne, 'yan mata masu ƙananan shekaru da aka ba maganin maleriya da na ƙarin jini, da yawansu sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Wato yarinyar ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci ɗaya. Magungunan da ake bayarwa sun canza daga wancan zamani, amma darasin yana nan.

A 2023 kuma aka fitar da sakamakon wani bincike a kan mata fiye da 10,000 masu ƙarancin jini da suka haihu a asibitocin Nijeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya. An gano cewa gwargwadon yadda jinin mace ya yi ƙasa kafin naƙuda, gwargwadon yadda haɗarin ɓallewar jini bayan haihuwa yake ƙaruwa. Waɗanda nasu ya yi ƙasa sosai, haɗarin mutuwa ko kaiwa bakin mutuwa ya ninka kusan sau 7 a kan waɗanda nasu yake tsaka-tsaki. Kin ga wadda ba ta da jinin ita ce kuma ta fi zubar da shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu duka mun san gidan da aka yi suna babu mai jego.

Amma akwai labari mai daɗi. A wannan shekarar ta 2023 aka bayyana sakamakon wani gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya 'yar uwarmu ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano. Dabarar mai sauƙi ce. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin da ya zuba ya taru a ciki, ungozoma ta ga adadinsa da idonta maimakon ta yi kirdado. Da zarar ya kai wani layi, sai a haɗa mata taimako gaba ɗaya a lokaci guda: murza mahaifa, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. A 2024 mujallar TIME ta Amurka ta sanya Farfesa Hadiza cikin mutum 100 da suka fi tasiri a harkar lafiya a duniya. Ku 'yan aji shida masu cewa kimiyya ta maza ce, kun dai ji.

Sai dai ledar nan da alluran nan ba sa zuwa ɗaki. Sai wadda ta je awo ta kuma haihu a asibiti take samun irin wannan taimako.

MU SHIGA KICIN

Ƙarfen abinci iri biyu ne. Akwai na nama da hanta da ƙoda da kifi da kaza, wanda hanji ke tsotsa cikin sauƙi. Akwai kuma na tsirrai, irin na wake da waken suya da gero da riɗi da alayyafo da zogale da kuka da daddawa, wanda kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jiki, sai an yi masa dabara. Tunda ba kullum ake samun nama ba, dabarar ita ce abin koyo.

Dabara ta farko, haɗa shi da abu mai bitamin C. Gwaiba, lemon zaƙi, lemon tsami, mangwaro, gwanda, ɗanyen tumatir da garin ɗan kuka da ake yin kwalba da nono da shi, duk suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfe. In kin yi kwaɗon zogale, ki yanka tumatir ki matsa lemon tsami. In kin ci shinkafa da wake ko ɗanwake, ki bi shi da gwaiba ko lemo a nan take, kada ki bari sai yamma.

Dabara ta biyu tun kakanninmu suke yin ta. Hatsi da wake suna da wani sinadari da ke riƙe ƙarfe ya hana shi shiga jiki. Jiƙawa da tsirarwa da barin abu ya yi tsami suna rage wannan sinadari. Saboda haka kokon da aka jiƙa geronsa aka bar gasararsa ta kwana, da waken da aka jiƙa kafin a dafa, sun fi amfani ta wannan fuska. Ɗan nama ko kifi kaɗan a cikin miya shi ma yana taimaka wa ƙarfen ganyen ya shiga.

Dabara ta uku, raba shayi da abinci. Ganyen shayi da kofi suna da sinadarin da ke kama ƙarfe a cikin ciki. A 2017 masu bincike a Jami'ar Chester ta Ingila sun gwada mata, suka ga shan shayi tare da abinci ya rage ƙarfen da jiki ke samu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, amma da aka jinkirta shayin da awa 1 bayan cin abinci, ɓarnar ta ragu da kusan rabi. Ba a ce ki daina shan shayi ba, tazara kawai ake so.

Sai maganar da na san za ta ba wasu haushi. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jego ko wadda ta tashi daga ciwo, wai don ƙarin jini, yana da daɗi yana kuma ba da ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukari, amma madara ba ta da ƙarfen kirki, hasali ma sinadarin ƙashi da ke cikinta yana gasa da ƙarfe a hanji. Haka kuma jan launi ba shi ne jini ba, don abin sha ya yi ja ba ya nufin zai zama jini a jiki. Kuɗin malt da madara, da za a sayi hanta ko kifi ko wake da lemo da su, da an fi cin riba. Mai ciki ce kawai za ta yi hankali da yawan cin hanta, saboda bitamin A ɗin da ke cikinta yana da yawa, kuma in ya wuce kima yana iya cutar da ɗan tayi.

Masana noma su ma ba su zauna ba. A 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti a Jamhuriyar Nijar, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar, yana da ƙarfe fiye da geron da aka saba. Kafin nan an gwada irin wannan gero a kan 'yan makaranta a Indiya, aka ga ƙarfen jikinsu ya ƙaru cikin 'yan watanni. Wannan magana ce da za ki iya kai wa Baba in ana shirin sayen iri.

ƘWAYAR ƘARIN JINI DA YADDA AKE SHAN TA

In jini ya riga ya faɗi, abinci kaɗai ba ya saurin ɗago shi, sai an haɗa da ƙwaya. Matsalar ita ce da yawanmu muna farawa mu bari, saboda tashin zuciya ko taurin bayan gida, ko mu tsorata da ganin bayan gida ya yi baƙi. Baƙin nan ba komai ba ne, ragowar ƙarfen ne yake fita.

A nan ma an samu sabon ilimi. Masu bincike a birnin Zurich na Siwizalan sun gano cewa in mace ta sha ƙwayar ƙarfe, hanta tana fitar da wani sinadari da ke rufe ƙofar hanji har kusan kwana guda, don haka ƙwayar da aka ƙara sha da rana ko da dare ba ta shiga sosai. A 2017 suka gwada mata 40, wasu suna sha kullum, wasu suna tsallake rana ɗaya. Masu tsallakewa jikinsu ya tsotsi kusan kashi 22 cikin 100 na ƙarfen, masu sha kullum kuwa kusan kashi 16. Saboda haka in ƙwayar tana wahalar da ke, kada ki jefar, ki koma wurin wanda ya rubuta miki ki tambaya ko za a mayar miki da ita sau ɗaya a rana ko rana bayan rana. Mai ciki kuwa ta tsaya a kan yadda aka tsara mata a wurin awo. Ki sha da ruwa ko ruwan lemo, ban da shayi, ban da madara. Kuma ko kin ji sauƙi ki cika watannin da aka ce, domin bayan jini ya dawo sai an sake cika rumbun ajiyar ƙarfe na jiki.

Don rigakafi kuwa, tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa a riƙa ba 'yan mata da matan da ke al'ada ƙwaya ɗaya a mako, mai ɗauke da miligiram 60 na ƙarfe da folik asid, a sha wata 3 a huta wata 3. Ƙasar Ghana ta fara yin haka a makarantunta a 2017, kuma a binciken da aka yi, ƙarancin jini tsakanin 'yan matan ya sauko daga kusan 25 cikin 100 zuwa kusan 20 a shekarar karatu ɗaya. Ga masu ciki kuma, wani gwaji da Farfesa Bosede Afolabi ta jagoranta a Legas da Kano a kan mata fiye da 1,000, wanda aka buga a 2024, ya nuna cewa ƙarfen da ake sa wa ta jijiya sau ɗaya ya fi ƙwaya cike ma'ajiyar ƙarfe ta jiki. Wannan hanya ce da likita zai iya dubawa ga wadda ƙwaya ta gagare ta.

Amma ga gargaɗi, ku riƙe shi da kyau. Ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. Mai ciwon sikila jininta yana ƙasa ne saboda ƙwayoyin jininta suna saurin fashewa, kuma in ana yawan yi mata ƙarin jini, ƙarfe yana iya yi mata yawa har ya taɓa hanta da zuciya. Ita ba ta shan ƙwayar ƙarfe sai likita ya gwada ya ce. Shi ya sa nake cewa gwaji tukuna, kafin a nufi kemis a sayo kwalbar tonik. Sannan a ɓoye ƙwayoyin nan inda hannun yara ba ya kaiwa, don suna kama da alewa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa suna iya kashe shi.

KAFIN IN AJIYE ALƘALAMI

'Yar uwa, an ce tun ran gini ran zane. Jinin da za ki shiga ɗakin haihuwa da shi, tun kina 'yar aji uku ake fara tara shi. Amarya takan yi wata guda ana yi mata dilka da halawa da turaren jiki, ana ɗura mata kayan gyara iri-iri, amma da wuya ki ji an ce a kai ta a duba jininta. In za a je gwajin jini kafin aure don sanin rukunin sikila, ki roƙa a haɗa da na yawan jini, tafiya ɗaya ce. Ku kuma iyayenmu mata, don Allah in 'yarku ta cika kwanciya da cewa kanta na juyawa, kafin a kira ta raguwa a ja fatar idonta a duba, a kai ta babban asibitin Funtua ko na Malumfashi ko ƙaramin asibitin da ke kusa. Addu'a muna yi kullum, neman magani kuma yana cikin abin da addininmu ya hore mu da shi.

Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wurin haihuwa, ya raya abin da suka bari, amin summa amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.